Ɗalibi Ba Ya Karatu da Zuciya a Tsorace: Darasi Daga Sabha

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci Sabha, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne hanyar ci-rani. Motoci na tashi daga Agadas maƙil da samari, su bi ta Dirku da Madama, su ƙetare iyaka a Tummo, su wuce Gatrun, sannan su sauke waɗanda Allah Ya yi wa sauran kwana a Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya. Wasu kuma gidan bashi suke tunawa, wato gidajen da ake tsare matafiyi ana gana masa azaba har sai 'yan'uwansa sun turo kuɗin fansa. Da Hausa ake kiran gidajen nan a tsakiyar Sahara, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan namu da suka bi ta can. A watan Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta bayyana cewa har cinikin mutane ake yi a garin. Tun daga lokacin sunan Sabha bai sake daɗi a kunnen iyaye ba.

Amma akwai wata Sabha da ba a cika ba mu labarinta ba. Kowace safiya samari da 'yan mata na fitowa daga unguwannin Gurda da Mahdiyya da Manshiyya da Tayuri, da littattafai a hannu, su nufi Jami'ar Sabha. A 1976 aka buɗe ta a matsayin tsangayar horar da malamai ƙarƙashin jami'ar Tarabulus, a 1983 ta tsaya da ƙafafunta, ta kuma kafa rassa a Birak da Ubari da Gat da Murzuk. Ita ce uwar jami'o'in kudancin Libiya, yankin da faɗinsa ya haura rabin Najeriya. Tana cikin jami'o'in ƙetare da suka koyar da harshen Hausa, tare da Suwahili, a sashen harsunan Afirka.

Wanda ya san tarihi ba zai yi mamakin jin Hausa a ajin jami'a a Fazzan ba. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ɗaukar fata da turkuɗi daga Kano, su bi ta Damagaram da Agadas da Gat zuwa Murzuk, su dawo da takarda da alharini da tsakiya. Unguwar Alfindiki da Dandalin Turawa a birnin Kano na nan suna shaidar zaman fataken Gadamus da Tarabulus. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem ne ke riƙe da Fazzan, wakilinsu na zaune a Taragan. Bayan an kashe shugaban Awlad Sulaiman, Abduljalil Saifun Nasr, a 1842, wani ɓangare na mutanensa ya gangaro bakin Tafkin Cadi, zuriyarsu na nan har yau a Nijar da Cadi. A Gat kuwa za ka yi ciniki da Hausa ka tashi ba ka nemi tafinta ba. Don haka mutanen Sabha maƙwabta ne, kuma an ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sabha gari ne na tarin ƙabilu. Akwai Larabawa irin su Awlad Sulaiman da Gadadfa da Magarha da Hasawna, akwai Tubawa, akwai Abzinawa, akwai tsofaffin mazauna dausayi da ake kira Ahali, ga baƙi daga Nijar da Cadi da Sudan da Najeriya da Gana. Zamanin Gaddafi, wanda shi kansa a Sabha ya yi karatun sakandare har aka kore shi a 1961, gwamnati kan ɗaga wannan ƙabila ta danne waccan gwargwadon bukatarta. Da mulkinsa ya faɗi a 2011, rumbunan makamai suka buɗe, tsofaffin miki suka fashe. A ƙarshen Maris 2012 faɗa tsakanin Tubawa da Awlad Sulaiman ya ci rayuka 147 cikin kwana shida, kusan mutum 400 suka jikkata, bisa alƙaluman ma'aikatar lafiya ta ƙasar. Aka sake gwabzawa a Janairun 2014. Aka sake a farkon 2018, inda aka shafe watanni ana harbe-harbe a kewayen tsohuwar ganuwar da Italiyawa suka gina a kan tudu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Nuwamba 2016. Birin wani mai shago ne ya fizge mayafin wata ɗaliba tana tafiya da ƙawayenta. Mai birin Bagadadfe ne, yarinyar 'yar Awlad Sulaiman. Kafin kwana huɗu an fito da tankoki da manyan bindigogi, an kashe aƙalla mutum 16, an raunata kimanin 50. Jaridun duniya sun mai da labarin abin ban dariya, alhali abin kuka ne. Biri ba ya tayar da yaƙi a garin da mutane suka amince da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma bangon Sabha ya daɗe da tsagewa.

To, mu bar manyan labarai, mu dubi ɗalibi guda. Ɗan shekara ashirin ne, yana karatun haɗa magunguna ko injiniya. Kafin ya isa aji sai ya ratsa shingen 'yan bindiga, abin da mutanen Libiya ke kira bawwaba, inda sunan kakansa ko launin fatarsa ko karin harshensa zai iya zame masa fasfo, zai kuma iya zame masa laifi. Ya san cewa a kwanakin faɗa akwai unguwannin da bai isa ya taka ba, kuma an sha ba da rahoton cewa 'yan wata ƙabila na jin tsoron zuwa babban asibitin garin saboda yana ɓangaren abokan gaba, har su gwammace su kai majinyaci Murzuk. Ya isa aji ya zauna, na kusa da shi kuma ɗan gidan da ake zargi da kashe yayansa ne. Ba wanda ya ce da wani uffan. Malami na bayani a allo, shi kuwa kunnensa na waje, yana tantance ko ƙarar da ya ji ta tayar mota ce ko ta bindiga. Da dare wuta ta ɗauke, zafi ya hana barci, ga layin man fetur da layin banki na jiran gobe, a yankin da rijiyoyin man Sharara suke, inda kuma ake janyo ruwan da Tarabulus ke sha. Wa zai gaya wa damuwarsa? A gida za a ce namiji ne, ya daure. Asibitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suna Tarabulus da Bangazi, Tarabulus kuwa tafiyar sama da kilomita 700 ce a mota.

Ga kuma wani ɗalibin da matsalarsa ta fi wannan. A Tayuri da wasu unguwannin Ubari akwai dubban Abzinawa da Tubawa da aka haifa a Libiya, iyayensu ma wasu a nan aka haife su, amma ba su da lambar ɗan ƙasa, wadda ake kira raƙam waɗani. Tun da aka wajabta lambar bayan juyin-juya-hali, wanda ba shi da ita na shan wuya wajen samun fasfo da albashi da aikin gwamnati, har da takardun makaranta. Yaro ya yi karatu da ƙwazo alhali bai da tabbacin takardar da zai samu za ta buɗe masa wata ƙofa. Irin wannan zuciya ba ta rabuwa da ƙunci.

Likitoci sun auna abin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kimanin mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa da fargaba zuwa firgicin da ke biyo bayan ganin tashin hankali. Ko a inda ake zaman lafiya, wani binciken da aka yi ƙarƙashin hukumar a jami'o'i 19 na ƙasashe takwas, aka buga a 2018, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan ajin farko sun yi fama da irin wannan larura. An kuma san cewa kashi uku cikin huɗu na waɗannan cututtuka kan bayyana kafin mutum ya wuce shekara 24, wato daidai shekarun jami'a. Tsoro na hana barci, rashin barci na hana hadda, faɗuwa jarrabawa na ƙara ƙunci, ƙunci kuma na kai yaro ga tiramol ko ga ƙungiyar da za ta ba shi bindiga da albashi da 'yan'uwa. Abu mafi ƙarfi da ke katse wannan sarƙa shi ne mutum ya ji yana da wurin zama a cikin jama'a, akwai wanda zai neme shi idan bai zo aji ba.

Hanya ɗaya ta samar da wannan ita ce tattaunawa tsakanin addinai. Wani zai ce, ina ruwan Sabha da wannan, tun da mutanenta duk Musulmi ne? Nan ne darasin yake. Batube da Basulaime da Ba'abzine alƙiblarsu ɗaya, galibinsu mazhabar Malikiyya suke bi kamar mu, wata ɗaya suke azumi, amma hakan bai hana su binne 'ya'yan juna ba. Mu a nan mun saba ɗora rikicinmu a kan bambancin masallaci da coci, har wasu na ganin da a ce kowa addininsa ɗaya da an huta. Sabha ta ƙaryata wannan, kamar yadda Zamfara ta ƙaryata shi. Abin da ke kashe gari shi ne a wayi gari mutum bai san maƙwabcinsa ba sai ta bakin masu zuga, ya daina ganin Musa ko Yohanna, sai dai «su wancan». Ko da addini aka shata layin, ko da ƙabila, ko da launin fata, ciwon ɗaya ne, kuma ɗalibin da ke zaune a kan layin shi ke fara jin zafinsa.

Dattawan Fazzan ba su naɗe hannu ba. Tubawa da Abzinawa na da tsohuwar amana da suke kira Midi-Midi, wadda aka ƙulla a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma riƙe su sama da shekara ɗari kafin ta warware a yaƙin Ubari na 2014. A Nuwamba 2015 aka sa hannu kan sulhu a Doha, daga baya mayaƙan Hasawna suka shiga tsakani a matsayin masu raba faɗa. A 2016 wata ƙungiyar Kiristoci 'yan Katolika mai suna Sant'Egidio, wadda ta taimaka wajen kawo ƙarshen yaƙin Mozambik a 1992, ta tara wakilan ƙabilun kudancin Libiya a birnin Rum, suka amince a bar magunguna da kayan agaji su isa asibitocin yankin. A dubi wannan da kyau: Musulmi ne suka kasa zama inuwa ɗaya a garinsu, Kiristoci suka shimfiɗa musu tabarma, kuma ba wanda ya bar addininsa a bakin ƙofa. Libiya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a Fabrairun 1976 Tarabulus ta karɓi babban taron Musulmi da Kirista wanda Fadar Paparoma ta tura wa tawaga ƙarƙashin Kadinal Pignedoli.

A ƙarshen Maris 2017 shugabannin Tubawa da Awlad Sulaiman suka sake sa hannu kan wata yarjejeniya a Rum, wannan karon a ofishin ministan cikin gida na Italiya. Shekara ba ta cika ba aka koma fagen daga, ana ta kuka cewa alkawuran diyya ba su cika ba. Ban raina aikin dattawa ba, don duk ranar da aka yi ba a harba bindiga ba riba ce. Sai dai masu sa hannu a takarda 'yan sittin da saba'in ne, masu riƙe da bindiga kuwa 'yan ashirin. Sulhun da aka ƙulla a otal ba ya isa zuciyar saurayin da bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan wancan ɓangare ba. A garin da unguwanni suka rabu, kasuwa ta rabu, har asibiti ya rabu, jami'a na cikin 'yan wuraren da suka rage inda dole ɗan wannan gida ya zauna benci ɗaya da ɗan wancan. Jami'ar da ta ɗauki wannan a matsayin haɗari kawai, ta ƙara masu gadi a ƙofa ta yi shiru, ta yi asarar babbar dukiyarta.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa. Kiristocin Sabha baƙi ne, 'yan Najeriya da Gana da sauran ƙasashe, masu aikin gini da wankin mota, da ma'aikatan jinya, kuma a ɓoye-ɓoye yawancinsu ke rayuwa. Baƙar fata ma, ko Musulmi ne, ya san irin kallon da ake yi masa, musamman tun 2011 da aka yi ta yi wa baƙaƙe kuɗin goro da sunan sojojin haya. Ɗalibin Sabha da bai taɓa sanin Bahaushe ba sai a matsayin lebura, ranar da ya zauna a aji yana koyon karin magana da waƙa da tarihin Kano da Katsina, idonsa zai buɗe ga cewa mutumin da ke ɗora bulo a gidansu ya fito ne daga al'umma mai malamai da littattafai. Shi ya sa nake ganin ajin Hausa a Fazzan ya wuce darasin nahawu.

Mu dawo gida, don ba Libiya kaɗai ke da ɗalibai masu kwana da fargaba ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, a harabar kwalejin ilimi ya faro, tsakanin ɗalibai. Ranar 29 ga Afrilun 2012 'yan bindiga suka afka wa Kiristoci masu ibada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. A Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, maganar kuma daga zauren WhatsApp na 'yan aji ta taso. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, aka rufe makarantar. A Nijar, a Janairun 2015, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai. Bayan kowane irin wannan, a tambayi ɗaliba Kirista da ke kwana a ɗakin kwanan ɗalibai a Kano ko Sakkwato yadda barcinta yake, a kuma tambayi ɗalibi Musulmi mai gemu da ke karatu a Jos ko Nsukka. Amsarsu za ta yi kama da ta ɗan Tayuri.

Na san da yawa daga cikinmu na ɗari-ɗari da kalmar tattaunawar addinai. Wasu na jin kamar ana so a narkar da addinai ne a zuba a tukunya ɗaya, wasu kuma muƙabala suke hangowa, inda za a tara jama'a a ga wa zai ka da wa. Babu ɗaya daga cikin biyun da ake nufi. Abin da ake nufi shi ne ka san mutum a yadda yake, ya san ka a yadda kake, ku san abin da ke ɓata wa kowa rai don ku kiyaye, ku kuma san inda za ku kai ƙara idan an saɓa, tun da zo mu zauna zo mu saɓa ne. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta sanya sanin juna a matsayin hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila. Musulmin farko a wurin sarki Kirista, Najjashi na Habasha, suka sami mafaka. Yarjejeniyar Madina ta haɗa Musulmi da Yahudawa a kan tsaron gari ɗaya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran ya saurare su. A nan gida, a 1824, lokacin da wani Bature mai suna Kilafatan ya iso Sakkwato, bayan ya ratso ta Murzuk ɗin nan ta Fazzan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna da shi yana yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kiristanci, har baƙon ya rasa amsar wasu. Ilimin Bello game da addinin wani bai rage masa komai a nasa ba.

Yaya ake yin abin har ya yi amfani? Tun 1954 wani masani Ba'amurke, Gordon Allport, ya ce cuɗanya na rage ƙiyayya idan mutane suka haɗu a matsayin tsara, suna da buri ɗaya, suna aiki tare, hukuma kuma na mara musu baya. A 2006 wasu masana biyu suka tattara bincike 515 suka ga galibi haka abin yake. Amma gwajin da ya fi kusa da mu a Kaduna aka yi shi. Masu bincike Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗauki ɗaruruwan samari Musulmi da Kirista daga unguwannin da rikici ya saba shafa, aka koya musu kwamfuta na mako 16. Wasu aka sa su aji gauraye, wasu kuma aji na addini ɗaya zalla, kuma ba a yi wa kowa wa'azin zaman lafiya ba. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka zo rabon kuɗi a gwaji, 'yan aji gauraye sun fi 'yan ajin zalla adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Wani abin lura ma shi ne, ajin zallan ne ya ƙara wa samarin son kai. Wato idan aka ware yara kowa da nasa, ba a bar su yadda suke ba, ƙara musu aka yi.

A Iraƙi ma, wata mai bincike, Salma Mousa, ta yi irin wannan da ƙwallon ƙafa, inda aka saka 'yan wasa Musulmi cikin ƙungiyoyin Kiristocin da ISIS ta raba da gidajensu. Bayan gasar, Kiristocin sun fi yarda su ci gaba da atisaye da abokan wasansu Musulmi, har su zaɓi Musulmi a ba shi kyauta, amma amincewar ba ta kai ga Musulmin da ba su sani ba. Gaskiyar magana ke nan, kuma gara a faɗe ta: cuɗanya ba ta wanke zuciya dare ɗaya. Hali take fara gyarawa, tsakanin mutanen da suka san sunan juna. Amma ga ɗalibin da ke cikin ƙunci, abokai uku ko huɗu daga wancan ɓangare da za su kira shi a waya ranar da gari ya rikice su ce kada ya bi hanya kaza, su ne bambanci tsakanin barci da kwanan zaune.

Saboda haka taron yini ɗaya da ake gayyato manya, a yi jawabi, a raba lemo, a ɗauki hoto, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da jami'a za ta iya yi. Aikin yana wajen rabon ɗakunan kwana, inda ya kamata hukuma ta gauraya ɗalibai da gangan maimakon ta bar kowa ya nemi ɗan garinsu. Yana hannun malamin da ke raba rukunin aikin aji, wanda zai iya haɗa 'yar Zuru da ɗan Gumel da ɗan Oturkpo a kan aiki ɗaya da makinsu ya rataya a kai. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista ba sai sun yi muhawarar aƙida ba. Su haɗu su ba da jini a asibiti, su share magudanar ruwa, su tara wa marasa kuɗin rajista, shugabanninsu kuma su riƙe lambar wayar juna tun kafin ranar tsiya. Zaurukan WhatsApp na aji su sami ƙa'ida da kowa ya amince da ita, da mai kula da zai tsawata tun magana ba ta yi tsami ba. Ofishin ba da shawara kuwa, wanda a makarantu da yawa suna ne kawai a jikin ƙofa, a zuba masa ƙwararru maza da mata masu riƙe sirri. Kuma tun da ɗalibinmu liman ko fasto yake fara kai wa kukansa, a koya wa limamai da fastocin jami'a su gane alamun ciwon damuwa, su yi addu'a su kuma tura yaro wurin likita.

Muna ma da kayan aikinmu na gado da muka yi wa riƙon sakainar kashi. Wasan barkwanci tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, ko Bakano da Bazazzagi, hanya ce da kakanni suka ƙirƙiro don ƙabilu su faɗa wa juna magana mai zafi a tashi ana dariya, da sharaɗin ba a zubar da jinin abokin wasa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam. Ɗaliban da ke shirya makon al'adu su wuce rawa da tufafi, su farfaɗo da wannan.

Wanda ke ganin an makara ya dubi Kaduna. Imam Muhammad Nuraini Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu jagoran matasa ne a ɓangarensa lokacin rikicin Zangon Kataf na 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, aka ɗauki shekaru kafin zuciya ta sauko, daga baya suka kafa cibiyar sasanci da ta taimaka wajen sulhun Yalwan Shandam a 2005. Har yau ɗaya limami ne, ɗaya fasto.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Hira ba ta maye gurbin adalci. Ɗan Tayuri da ba shi da lambar ɗan ƙasa, ko an zauna da shi sau ɗari an sha shayi, ƙuncinsa na nan sai an ba shi takardarsa. Haka yaron da aka haifa a Sabon Gari ko a Jos ta Arewa, ya girma a nan, amma ranar neman gurbi ko tallafin karatu a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin jiha daga garin da bai taɓa kwana ba. Amfanin zama tare shi ne wanda ke da takarda ya ji daga bakin abokinsa yadda rashinta yake, har ya zama cikin masu magana a kai. Tattaunawar da ta hana wanda aka zalunta faɗin abin da ke ransa don kada a ɓata taro, ƙara masa ciwo take yi.

Kiran nan ga shugabannin jami'o'i da kwalejojinmu ne, daga Agadas da Maraɗi zuwa Zariya da Maiduguri: ku sanya wannan aiki cikin kasafin kuɗi, ku ba shi ofis da mai kula, kada ku jira sai an rufe makaranta an kafa kwamitin bincike. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu ya ce abokinsa na ɗaki Kirista ne ko Musulmi ne ko ɗan wata ƙabila, ku tambayi sunan abokin ku aika masa da gaisuwa, kada ku ce ya nemi canjin ɗaki. Kai kuma ɗalibi da ke karanta wannan, akwai wani a ajinku da kuka shekara kuna zama benci ɗaya ba ka san sunan garinsu ba. Gobe idan kun haɗu, ka tambaye shi.